Ɓargon wani a jikin wani: yadda garkuwar jiki ke yanke hukuncin ko dashe zai kama

Yayata ce ta yi mini tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan sharhi. 'Yarta mai shekara tara tana fama da sikila, kuma bayan ciwon ƙirji ya kwantar da ita sau biyu cikin shekara guda, likita ya fara kawo maganar dashen ɓargo. Muna zaune a kan benci a barandar asibiti, filas ɗin kunu a tsakaninmu, ta juyo ta ce, "Auta, fahimtar da ni. Yarinyar nan an yi mata ƙarin jini ya fi sau goma, jinin mutanen da ko saninsu ba mu yi ba, jikinta bai taɓa ƙi ba. To don me yanzu ake cewa ko ɓargon ubanta da ya haife ta ba lallai ya zauna ba?"

Tambayar ta taɓo ainihin inda gizo ke saƙar. Mutane da yawa suna ɗaukar dashe a matsayin aikin rana ɗaya: a samu kuɗi, a samu mai bayarwa, a zuba, a tashi. Alhali ranar zubawar ita ce mafi sauƙi a dukan tafiyar. Wanda ake yi wa dashen ko wuƙa ba a sa masa. Ana rataye leda mai kama da ta ƙarin jini, ruwan ya bi jijiya, ƙwayoyin su nemi hanyarsu da kansu zuwa cikin ƙashi. Abin da zai faru a makonni da watannin da ke biye shi ne magana, kuma garkuwar jiki ce ke riƙe da hukuncin.

A cikin ɓargo akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta da zan kira ƙwayoyin asali, domin daga gare su duk jini ke fitowa: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, fararen da ke yaƙi da cuta, da masu tsayar da zubar jini. Jan ƙwayar mai lafiya tana yin kwana 120 kafin ta mutu, ta mai sikila kuwa da ƙyar take kai kwana 20. Ƙarin jini tamkar ka auno hatsi ne daga rumbun maƙwabci, ku ci ya ƙare. Dashe kuwa iri ka karɓo za ka shuka a gonarka, kana so ya yi saiwa ya riƙa ba ka amfani har ƙarshen rayuwa. Ga kuma wani bambanci: jajayen ƙwayoyin jini kusan ba sa ɗauke da shaidar da sojojin jiki suka fi dubawa, shi ya sa idan rukunin jini ya dace, A ko B ko O, sai su wuce lafiya. Ƙwayoyin asali suna ɗauke da wannan shaida ɓaro-ɓaro.

Shaidar ita ce likitoci ke kira HLA. A da, mutum yana shigowa kasuwa za a kalli tsagar fuskarsa a ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe ne. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da irin wannan tsaga a bayanta. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda tun suna ƙanana ake horar da su a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos. A can ake nuna musu tsagar gida, duk wadda ta nuna za ta far wa na gida sai a kashe ta tun ba ta fito ba. Waɗanda suka tsira su ne ke yawo cikin jini suna duba fuskoki. Abin da ya sa dashe ke da wuya shi ne yawan waɗanda baƙuwar tsaga ke harzuƙawa. Idan ƙwayar cuta ta shigo, 'yan ƙalilan ne daga cikin ƙwayoyin T ke gane ta, sai sun hayayyafa kafin su yi ƙarfi. Amma baƙuwar HLA tana iya tayar da kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari na dukan rundunar a lokaci guda.

Ana gadon wannan shaida ne a dunƙule, ƙunshi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, a kan kuromosom na 6 (kuromosom su ne zarurrukan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta). Uba yana da ƙunshi biyu, uwa tana da biyu, don haka haɗuwa huɗu ce kawai za ta iya fitowa a 'ya'yansu. Ke nan tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar a dace ɗari bisa ɗari ɗaya ce cikin huɗu. Uba ko uwa kuwa rabi suke dacewa da ɗansu, tunda rabi suka ba shi. Wannan ita ce amsar farko da na ba Yaya. A gidajenmu masu mata biyu ko uku, mutum yana iya ƙirga 'yan'uwa ashirin ya ga kamar ba zai rasa ba, amma 'yan uba iyakarsu rabi, wani ma ko rabin babu, sai dai in iyayen mata suna da dangantaka ta jini. Kama da wane ba wane ba ce. Ga mai sikila lissafin ya ƙara tsukewa, domin gadon sikila yana kan kuromosom na 11 ne, ba ruwansa da na 6, kuma ɗaya cikin huɗu na shaƙiƙan shi ma SS ne. Idan aka haɗa biyun, damar kowane ɗan'uwa ya zama ya dace kuma ba shi da ciwon ta koma 3 cikin 16. Mai AS yana iya bayarwa. Auren zumunci, wanda muke yi da yawa, yana ƙara damar a samu wanda ya dace ko a cikin 'yan'uwan iyaye, ko da yake shi ma yana da nasa nauyin wajen cututtukan gado.

In babu a gida, sai a duba rajistar masu bayarwa ta duniya, kuma a nan baƙar fata ke shan wahala. 'Yan Afirka sun fi kowa yawan nau'o'in HLA, sannan su ne mafi ƙaranci a rajista. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan rajistar Amurka ya nuna Bature yana da damar kusan kashi 75 cikin ɗari ya samu wanda ya dace da shi sosai, baƙar fata kuwa bai kai kashi 20 ba.

Likitoci ba su fahimci duk wannan cikin sauƙi ba, da rayuka aka biya. A 1957 Donnall Thomas ya ba da rahoton majinyata shida da ya zuba wa ɓargon wasu a Amurka, babu wanda ya yi tsawon rai. A 1958 hatsarin nukiliya ya rutsa da ma'aikata shida a Yugoslabiya, aka kai su Paris, Georges Mathé ya zuba wa biyar daga cikinsu ɓargon Faransawa. Huɗu sun rayu, amma da aka bibiya sai aka ga baƙon ɓargon ya riƙe su ne na 'yan makonni kawai, jikinsu ya kore shi, nasu ya farfaɗo. Wani lissafi da aka fitar a 1970 ya tattara dashe 203, uku ne kacal suke raye. A shekarar 1958 ɗin ne Jean Dausset ya gano ta farko daga cikin shaidun HLA, kuma sai da aka iya gwada su sannan aka fara ganin haske. A 1968 Robert Good a Minnesota ya ceci wani jariri da aka haifa ba shi da garkuwar jiki, da ɓargon yayarsa. A lura da wanda aka fara yin nasara a kansa: yaron da ba shi da sojojin da za su kori baƙo.

Masu korar baƙon iri uku ne. Na farko ƙwayoyin T da na ambata. Na biyu wasu ne da ake kira NK, kuma su dabararsu daban ce. T tana neman baƙuwar tsaga, NK kuwa tana neman wanda ba shi da tsagar gida, kamar yadda Klas Kärre na Suwidin ya bayyana a shekarun 1980. Na uku su ne suka fi damuna game da yaranmu, wato sinadaran kariya da ake kira antibodi. Jiki yana ƙera su ne idan ya taɓa haɗuwa da baƙuwar HLA, kuma ba ya mantawa. Ledar jinin da ba a tace ba tana ɗauke da fararen ƙwayoyin mai bayarwa, kowace da tsagarta. Yaron da aka yi wa ƙarin jini sau goma ko ashirin, jikinsa ya ga fuskoki da yawa, ya yi wa wasu tanadi. Haka macen da ta yi ciki, jikinta ya ga rabin shaidar mijinta ta hanyar ɗan da ta ɗauka. Idan ɓargon da aka kawo yana da shaidar da aka riga aka yi wa tanadi, antibodi suna iya hallaka ƙwayoyin tun ba su kai ga ƙashi ba, kuma maganin kemo, wato irin na ciwon daji, da ake bayarwa kafin dashe ba ya share su nan take.

Wannan ya kai ni ga abin da nake roƙon kowane gida mai ɗan sikila ya riƙe. A asibitocinmu, idan yaro yana buƙatar jini, abin da aka saba shi ne a ce a nemo ɗan'uwa. Uba ya miƙa hannu, wa ya miƙa hannu, cikin ƙauna da gaggawa. Amma idan akwai ko da tunanin dashe nan gaba, jinin ɗan'uwa na kusa bai kamata ya shiga jikin yaron kai tsaye ba, domin ana koya wa garkuwarsa ta tsani ainihin mutumin da watakila ɓargonsa za a nema gobe. Ɗan'uwa ya bayar a ajiye a bankin jini, a ba yaron na wani. In da hali a nemi wanda aka tace fararen ƙwayoyinsa. Lokacin da na gaya wa Yaya haka ta yi shiru, domin sau biyu mijinta ya ba yarinyar jininsa, kuma ba wanda ya taɓa ce musu komai.

Saboda waɗannan masu gadi ne ake yin sharar gona kafin shuka. Kwanaki kafin dashe ana ba majinyaci magunguna masu ƙarfi irin su busulfan, wani lokaci har da hasken radiyeshan irin wanda ake gasa ciwon daji da shi. Aikinsu biyu ne: su buɗe wuri a cikin ƙashi, su kuma karya lagon garkuwar jiki. Idan sharar ta yi sauƙi, sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, ragowar ƙwayoyin T za su taso su kori dashen. Idan ta yi tsanani, hanta da huhu su ji jiki, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, kuma sau da yawa haihuwa ta tafi. Mai sikila ya fi mai sankarar jini saurin korar dashe, domin shi mai sankara ya sha kemo wata da watanni garkuwarsa ta riga ta galabaita, shi kuwa mai sikila tasa tana nan da ƙarfinta, ga ƙarin jini da ya daɗa wasa ta. A rahoton da asibitin Johns Hopkins ya fitar a 2012, cikin masu sikila 14 da aka yi wa dashe daga ɗan'uwa mai rabin dacewa, shida jikinsu ya kori ɓargon, ciwon ya dawo.

Sai dai yaƙin ba daga ɓangare ɗaya yake ba, kuma wannan ne ya bambanta dashen ɓargo da na ƙoda. Ƙoda baƙuwa ce da ta zo ita kaɗai. Ɓargo yana zuwa da dakarunsa, domin a cikin ledar nan akwai ƙwayoyin T na mai bayarwa. Su kuma da suka buɗe ido sai su ga ko'ina baƙuwar tsaga, su far wa mai gida. Yakan fara da jan ƙurji a tafin hannu da tafin ƙafa da bayan kunne, sai gudawa mai yawan gaske, sai idanu su yi rawaya saboda hanta. Akwai kuma mai daɗewa, wanda ke zuwa bayan watanni: idanu su bushe ba hawaye, baki ya bushe, fata ta ɗaure kamar ƙirgi, numfashi ya yi wuya. Yaron da ya rabu da sikila ya faɗa wannan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai karatu zai ce to a tsince ƙwayoyin T ɗin daga ledar mana kafin a zuba. An gwada haka a shekarun 1980. Farmakin da ake kai wa mai gida ya ragu ƙwarai, amma korar dashe ta ƙaru, masu sankarar jini kuma ciwonsu ya riƙa dawowa. Ashe dakarun baƙon su ne ke murƙushe ragowar sojojin mai gida su buɗe wa irin hanya, su ne kuma ke farautar ragowar ƙwayoyin sankara. Har an lura cewa wanda tagwayensa mai kama da shi sak ya ba shi ɓargo ya fi saurin ganin sankarar ta dawo, saboda babu baƙuntar da za ta tayar da faɗa. Don haka ga mai sankara ɗan wannan faɗa yana da amfani. Ga mai sikila ba shi da amfanin komai, illa ce zalla. Likitan dashe kullum a nan yake tsaye, gaba kura baya siyaki.

Dabarar da ta fi canza al'amura a 'yan shekarun nan ta fito ne daga Johns Hopkins, kuma ba ta da tsada. Ana zuba ɓargon a bar shi kwana uku ba tare da an danne komai ba. A cikin kwanakin nan ƙwayoyin T da suka harzuƙa, na baƙo da na mai gida, su ne ke ta hayayyafa. A rana ta uku da ta huɗu sai a ba da wani tsohon maganin kemo mai suna cyclophosphamide, wanda ya fi cin masu saurin hayayyafa. Masu neman faɗan su karye, ƙwayoyin asali kuwa su tsira domin suna da wani sinadari da ke warware dafin maganin. Wannan ne ya buɗe ƙofar karɓa daga uba ko uwa ko ɗan uba. Da aka ƙara gyara sharar gonar, sakamakon ya sauya sosai: wani gwaji a Amurka da aka wallafa a 2025, wanda Dakta Adetola Kassim na Jami'ar Vanderbilt yake cikin jagororinsa, ya bi manya 42 masu sikila, bayan shekara biyu kashi 95 cikin ɗari suna raye, kashi 88 kuma dashensu na nan daram. Na shaƙiƙi mai cikakkiyar dacewa shi ne har yanzu ma'auni: a bibiyar majinyata 1,000 da Eliane Gluckman ta jagoranta aka fitar a 2017, sama da kashi 90 cikin ɗari sun kai shekara biyar ba sikila, kuma ƙananan yara sun fi manya dacewa.

Abin da ya fi burge ni a duk wannan ilimi shi ne yadda faɗan ke ƙarewa da zaman lafiya, kuma daga shanu aka fara gano shi. A 1945 Ray Owen a Wisconsin ya lura da tagwayen maruƙa waɗanda ba kamarsu ɗaya ba. Tun a ciki jijiyoyin mabiyiyarsu sukan haɗu, jini ya gauraya, sai ga kowane maraƙi ya girma yana ɗauke da jinin ɗan'uwansa har tsufa, ba tare da jikinsa ya kore shi ba. Wato garkuwar jiki ba a haife ta da sanin waye na gida ba, koya take yi. Peter Medawar da abokan aikinsa suka tabbatar da haka a jikin ɓeraye a 1953. Haka ke faruwa bayan dashen da ya kama: sababbin ƙwayoyin T da ɓargon baƙo ke haifa suna shiga taimos ɗin mai gida, a can su yi karatu, su fito suna ganin gidan nasu ne. Akwai kuma wani rukuni na ƙwayoyin T masu shiga tsakani su kwantar da tarzoma, waɗanda Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Shi ya sa wanda aka dasa wa ƙoda yake shan maganin danne garkuwa har abada, amma wanda aka dasa wa ɓargo sau da yawa yakan daina bayan shekara ɗaya ko makamancin haka.

Ba dole ba ne ma baƙon ya mamaye gidan duka. A 2009 likitocin cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka sun ba da rahoton manya goma masu sikila da suka yi wa dashe da shara mai sauƙi, tara suka rabu da alamun ciwon, ɓargo biyu na zaune a ƙashi ɗaya. Daga baya aka gano idan kason baƙon ya kai kamar 20 cikin ɗari ya wadatar, domin jajayen ƙwayoyinsa sun fi na sikila tsawon rai nesa ba kusa ba, a hankali su ne ke cika jini. Rukunin jinin mutum ma yakan koma na mai bayarwa. Amma abu ɗaya ba ya canzawa, kuma ya kamata a faɗa wa iyaye tun wuri: abin da zai gadar wa 'ya'yansa yana nan yadda yake. Yarinyar da aka yi wa dashe ta warke, ranar aurenta lissafin SS za a yi mata.

Tsakanin rushe tsohuwar garkuwa da tsayuwar sabuwa akwai rata, kuma a ganina a nan ne mu muka fi rauni. Fararen ƙwayoyin farko sukan bayyana cikin mako biyu zuwa huɗu, amma cikakkiyar garkuwa sai ta ɗauki shekara ko fiye. Rigakafin da aka yi wa yaro tun yana jariri duk ya goge, sai an sake. Cututtukan da ke kwance a jiki, irin su ciwon hanta nau'in B da tarin fuka da wata ƙwayar cuta mai suna CMV da yawancinmu muke ɗauke da ita ba mu sani ba, suna iya farkawa. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙurar hunturu mai ɗauke da funfuna. Iyali su sayar da gona da fili su kai yaro Indiya, a yi dashe ya kama, a dawo gida bayan wata uku, sannan a rasa inda za a auna yawan maganin danne garkuwa mai suna tacrolimus a jininsa, ko a duba kason ɓargon baƙo yana hawa ne ko yana sauka. Dashe yakan iya zamewa a hankali bayan watanni, ba zafi ba alama, sai ranar da ciwon ƙashi ya dawo. An yi dashen farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ma ya fara a 2024. Ƙasar da ake ƙiyasta tana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara tana buƙatar ɗakunan gwajin bibiya kusa da jama'a kamar yadda take buƙatar ɗakunan dashen.

Wannan matsala ta garkuwa ita ce ke gaban duk wani yunƙurin magani da ƙwayoyin asali, ko ba na jini ba. A 2025 kamfanin Vertex ya ba da rahoton masu ciwon suga nau'i na ɗaya su 12 da aka zuba wa ƙwayoyin samar da insulin waɗanda aka raino daga ƙwayoyin asali. Bayan shekara, goma sun daina allura. Amma dukansu sai da suka koma shan maganin danne garkuwa. A Uppsala ta Suwidin an bi wata hanyar: aka goge tsagar HLA daga ƙwayoyin samar da insulin da aka ciro daga jikin wani mai bayarwa don kada T su gan su, sannan, da yake NK na kashe marar tsaga, aka ƙara musu wata alama mai suna CD47 wadda ke cewa kada a taɓa. An dasa su a dantsen wani mutum a ƙarshen 2024, suka rayu suna aiki ba tare da maganin danne garkuwa ba. Mutum ɗaya ne tak, kuma ina da fargabata: ƙwayar da sojojin jiki ba sa gani, ran da ta rikiɗe ta zama daji, wa zai kama ta?

Hanya ta uku ita ce a kauce wa baƙunta gaba ɗaya, a yi amfani da ƙwayoyin mutum na kansa. Maganin Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, haka yake: a ciro ƙwayoyin asalin mai sikila, a gyara su su koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, a mayar masa. Ba kora, ba farmaki. Sai dai har yanzu sai an yi sharar busulfan, kuma farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne.

Duk wanda ya biyo ni zuwa nan zai gane abin da ya ɓata mini rai ranar da Yaya ta turo mini wata talla da aka aiko mata a WhatsApp. Wani wuri ne ke cewa zai yi wa mai sikila allurar ƙwayoyin asali daga cibiyar jarirai, ba gwajin dacewa, ba kemo, ba kwanciya, a biya miliyoyi a koma gida a ranar. Ta kira ni muryarta na rawa da murna, ta ce, "Auta, ka ga Allah ya kawo mana sauƙi." Na sha wuya kafin na iya ce mata a'a. Ƙwayar baƙo da aka zuba a jikin da garkuwarsa ke tsaye, ba a buɗe mata wuri a ƙashi ba, ba ta da inda za ta zauna. Irin ƙwayoyin da ake sayarwa a waɗannan wurare galibi ba ma masu haifar da jini ba ne, kuma bincike ya nuna idan aka zuba su a jijiya yawancinsu a huhu suke maƙalewa, cikin 'yan kwanaki su ɓace. Baƙo raɓa ne. Suna da amfaninsu na gaskiya a wuri ƙayyadadde, domin suna kwantar da kumburi na ɗan lokaci, har Amurka ta amince da wani nau'insu a Disambar 2024 don yaran da ɓargon baƙo ya far wa. Amma ba sa mayar da SS ya zama AA. Kuma ba a rasa haɗari ba: a 2015 wasu mata uku a Florida sun rasa ganinsu ko mafi yawansa bayan an yi musu irin wannan allura a ido. Duk wanda ya ce zai dasa wa ɗanka ƙwayoyin wani, ka tambaye shi gwajin HLA da ya yi, da abin da zai yi da garkuwar yaron, da wanda zai bibiye shi bayan wata shida.

Mu dai mun bi doguwar hanya. An ɗebi jinin yara huɗu 'yan ɗakinsu aka aika gwaji, muka jira mako uku. Manyan biyu rabi suka dace, ta uku ko kaɗan, sai ƙaramin, mai shekara uku, shi ne ya dace ɗari bisa ɗari, kuma AS ne. Likita ya ce a ɗan jira ya ƙara girma da nauyi, domin yawan ɓargon da za a iya ɗiba daga ƙugunsa ya danganta da nauyin jikinsa, kuma ƙarancin ƙwayoyi shi ma yana sa dashe ya ƙi kamawa. Kafin nan yarinyar tana kan hydroxyurea, maganin rage tashin sikila, da maganin rigakafin zazzaɓi, kuma an hana kowa a gidan ba ta jini. Yaya ta sayi littafi mai bango ja, ta bi katunan asibiti ɗaya bayan ɗaya ta rubuta kowane ƙarin jini da aka taɓa yi wa 'yarta, da kwanan wata, da wanda ya bayar in ta sani. Sau goma sha uku ta ƙirga. Littafin yana cikin jakarta, da shi za ta je ranar da za a yi gwajin antibodi.